Kibiyar da ake cewa ta koma wa mai ita, wa ya harbo ta?

Daren Juma'ar da ta wuce ƙanwata ta matsa mini sai na raka ta addu'ar dare a wata majami'a da ke bayan unguwarmu. Wajen ƙarfe ɗaya, bayan an sha waƙa har murya ta dushe, baƙon mai wa'azi ya karɓi makirfo ya ce kowa ya miƙe. Ya ce ka ɗora hannu inda yake maka ciwo, ka kama kibiyar da maƙiyi ya harbe ka da ita, ka fizge ta, ka juya ka wurga ta wajen ƙofa. Jama'a suka ɗauka baki ɗaya: "Ki koma wa mai ke! Ki koma da wuta!" Sau bakwai aka yi. Wata mata a gefena sai da ɗankwalinta ya faɗi.

Da a nan aka tsaya, da na kama bakina. Amma da ya iso kan ƙanwata, ya ji cewa ɗanta yana yawan kwanciya asibiti, sai ya lumshe ido ya ce ya ga kibiyar. Daga gidan ubanta ta fito, in ji shi, kuma hannun tsohuwa ne ya sake ta. Tsohuwa ɗaya ce ta rage mana a gidan ubanmu. Goggo ce, wadda ta goye mu mu biyun.

Yaron kuwa sikila gare shi. Takardar gwajin jininsa tana cikin jakar uwarsa a daren nan.

Ni Kirista ne, ban kuma raina addu'a ba. Amma na ce wannan addu'a ta mayar da kibiya ba daga Littafi Mai Tsarki ta fito ba, ko da yake da ayoyinsa ake yi mata ado. Tsohuwar maganar masu duba ce, "an yi maka jifa", aka canza mata riga aka shigo da ita majami'a. Kuma gidaje take rabawa.

Kakana maharbi ne. Ina yaro na sha zama kusa da shi yana gyara kyauro a kan garwashi don ya miƙe, yana ɗaure bakin ƙarfe da jijiya, yana shafa dafin kwankwani da tsinke, yana kora mu kada wani ya taɓa. Ranar da na ɗauki bakansa da wasa na ja tsirkiya ina auna kaza, rankwashin da na sha har yau ina tuna shi. Abin da ya faɗa bayan rankwashin shi ne, kibiya in ta bar tsirkiya ba ta jin kira. Saboda shi ne duk inda na ci karo da baka ko kwari a cikin Littafi nakan tsaya. Suna da yawa, daga Farawa har Wahayi. Ban taɓa ganin guda ɗaya da aka umarci mutum ya mayar wa ɗan'uwansa ba.

Kibiyar da ta kashe Ahab

A duba 1 Sarakuna sura 22. Ahab sarkin Isra'ila zai fita yaƙi da Suriyawa a Ramot-gileyad. Annabawa wajen 400 sun ce masa nasara tasa ce, Mikaiya kaɗai ya ce ba zai dawo da rai ba. Sai Ahab ya yi dabara: ya ɓad da kama ya shiga cikin sojoji, ya bar abokinsa Yehoshafat sanye da tufafin sarauta. Sarkin Suriya kuwa ya riga ya ba shugabannin karusansa su 32 umarni kada su kula kowa, babba ko ƙarami, sai sarkin Isra'ila.

Mutum 32 suna farautarsa da gangan, ba wanda ya same shi. Sai wani soja, da ko sunansa ba a rubuta ba, ya ja baka ya saki haka kawai ba tare da ya auna kowa ba. Kibiyar ta shige ta mahaɗin sulken Ahab. Aka tallafe shi a tsaye cikin karusa jini yana zuba, da yamma ya cika. Kibiyar ajali ke nan, sulke ba ya tare ta.

To, wannan wa za a mayar wa? Mai harbin bai ma san ya kashe sarki ba.

Wani zai ce ai Ahab mugu ne, hukunci ne ya same shi. Haka ne. Sai a matsa gaba zuwa Yosiya, wanda Littafin da kansa ya ce ba a yi sarki kamarsa ba wajen juyowa ga Ubangiji da zuciya ɗaya. Ya hau gadon sarauta yana ɗan shekara 8, ya yi shekara 31 a kai, ya rurrushe bagadan gumaka. A shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu ya fita tarar Fir'auna Neko a Magiddo, 'yan baka suka harbe shi, ya ce wa bayinsa su fitar da shi don ya ji mugun rauni, ya mutu. Irmiya ya yi masa makoki. Ba a ce wata tsohuwa ce a fada ta yi masa jifa ba. An ce ya shiga yaƙin da aka gargaɗe shi kada ya shiga.

Akwai kuma kibiyar da da gaske an turo ta. Uriya Bahitte, sojan sarki Dawuda, ya mutu a gindin ganuwar Rabba lokacin da maharba suka yi ruwan kibau daga sama. Hannun Ammonawa ne ya saki, amma Dawuda ne ya shirya, da wasiƙar da ya ba Uriya ya kai wa Yowab, shugaban rundunarsa, da hannunsa. Me aka yi? Annabi Natan ya taka har fada, ya dubi sarki ido da ido ya ce masa kai ne mutumin, ya lissafa masa abin da ya aikata. Ga laifi, ga mai laifi, ga shaida. Mai wa'azin daren Juma'a bai san sunan Goggo ba, bai san garinmu ba, ya yi nuni da yatsa cikin duhu ya karɓi kuɗin motarsa ya tafi.

"Ai Zabura 91 ta ambaci kibiya"

Ta ambata. Aya ta 5 ta ce ba za ka ji tsoron razanar dare ba, ko kibiyar da ke tashi da rana. Aya ta 6 ta ƙara da annoba mai yawo cikin duhu da hallaka mai ɓarna da tsakar rana. Mutanen da suka fara rera wannan zabura sun san kibiya ta gaske. A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai sassaƙen dutse daga fadar Sennakerib sarkin Assuriya a Nineba, yana nuna yadda Assuriyawa suka kewaye birnin Lakish a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu: sahu-sahun 'yan baka a bayan manyan garkuwoyi, kibau suna tashi zuwa kan ganuwa. Irin abin da mutanen wancan zamani suka gani ke nan.

Ko da mun ɗauki kibiyar a matsayin misali na kowace irin masifa, me ayar ta ce ka yi? Ta ce kada ka ji tsoro. Ni kuwa abin da na gani a fuskar ƙanwata da muka fito da asuba tsoro ne tsagwaronsa. Ta shiga tana tsoron ciwon ɗanta, ta fito tana tsoron ciwon da kuma danginta.

Ba laifi a tuna cewa wannan zaburar ce Shaiɗan ya janyo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali. Iya jan aya ba shi ne shaidar gaskiya ba.

"To, kibau masu wuta na Afisawa fa?"

Wannan ita ce babbar hujjar masu wannan addu'a, ita ce kuma ta fi kayar da su. Bulus ya lissafa kayan yaƙin mai bi a Afisawa sura 6: ɗamara, sulke, takalma, garkuwa, kwalkwali, takobi. A nemi baka a ciki. Babu. Babu kwari, babu kibiya. Game da kiban Mugun, aikin da ya ba garkuwar bangaskiya shi ne ta kashe wutarsu. Kibiya ta caki garkuwa, wuta ta mutu, zance ya ƙare. Wanda ya tsince ta ya sake kunna mata wuta ya wurga gidan maƙwabci, aikin wa ya ƙarasa?

Kafin nan ma, a aya ta 12, ya riga ya ce famarmu ba da nama da jini ba ce. Goggo nama da jini ce. Kishiyar uwarka nama da jini ce. Abokin aikinka da aka ƙara wa girma aka bar ka, shi ma haka.

A duk Sabon Alkawari wuri ɗaya ne aka ga wani riƙe da bakan yaƙi: mahayin farin doki a Wahayi 6:2. Har yau masana suna jayayya kan ko wane ne shi, amma ba wanda ya ce ɗan ikilisiya ne a addu'ar dare.

Zaburan Dawuda masu zafi

Nan zan yarda da wani abu. Akwai addu'o'i masu zafi a Zabura, ba kuma zan yi kamar ban gan su ba. Zabura 37:15 ta ce takubban mugaye za su soki zukatansu, a kakkarya bakunansu. Zabura 7 ta ce wanda ya haƙa rami shi zai faɗa ciki, abin da Bahaushe ma ya sani, shi ya sa ya ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Zabura 109 kuwa, mai karanta ta sai ya yi ajiyar zuciya.

Sai dai a lura da wanda yake harbin. A Zabura 64:7 Allah ne mai saka kibiya a baka. Mai addu'ar kuka ya kai, ya bar hukunci a hannun mai hukunci. Zabura 37 ɗin nan da ake janyowa, ayoyi kaɗan kafin wurin ta ce ka natsu a gaban Ubangiji, ka bar fushi, ka rabu da hasala.

Sannan Dawuda ya san maƙiyinsa. Ba a mafarki aka nuna masa ba. Sarki Saul ya wurga masa mashi a cikin ɗaki yana kaɗa masa molo, mashin ya kafe a bango. Duk da haka sau biyu Saul yana faɗowa hannunsa, a kogon En-gedi da kuma cikin sansani yana barci, sau biyu yana ƙyale shi. Da 'yan bakan Filistiyawa suka raunata Saul a Dutsen Gilbowa ya mutu, Dawuda bai ba da shaidar nasara ba. Makoki ya tsara, ya ce a koya wa mutanen Yahuza, aka sa masa suna Waƙar Baka. A cikinta ya yabi bakan Yonatan ɗan Saul da takobin mutumin da ya yi shekaru yana farautar ransa.

Mu kuwa mukan ji labarin wata tsohuwa ta faɗi ta mutu a ƙauye bayan kwana uku da addu'a, a tashi a majami'a ana tafi.

Wasu kan kawo Elisha, da ya sa sarki Yowash ya buɗe tagar gabas ya harba, ya kira ta kibiyar nasara, ya kuma yi fushi da sarkin ya bugi ƙasa sau uku kawai maimakon biyar ko shida. Wannan yaƙi ne tsakanin ƙasa da ƙasa, an ambaci rundunar, an ambaci filin dagar, Afek. Ba ruwansa da surukarka.

Wuri ɗaya na sani da aka yi amfani da kibau don gano abin ɓoye. A Ezekiyel 21:21 sarkin Babila ya tsaya a mararraba yana girgiza kibau, yana tambayar gumaka, yana duba hantar dabba, don ya san ko Urushalima zai fara kai wa hari ko Rabba. Duba ke nan, kuma Attaura ta hana duba. Maƙwabcina Musulmi da muka taɓa wannan hira ya ce su ma Suratul Ma'ida ta haramta musu neman rabo da kibau. Na ce masa ashe gado ɗaya muka ƙi, sai ga shi yana neman dawo mana ta taga.

Kibiyar da Littafin ya fi tsoro

In ana son a san kibiyar da mutum ke harbin mutum da ita ba a filin daga ba, Littafin bai ɓoye ta ba. Irmiya 9:8 ya ce harshensu kibiya ce mai kisa. Zabura 64 da aka ambata ɗazu, kiban da take kuka da su maganganu ne masu ɗaci da ake harbin marar laifi da su daga maɓoya. Karin Magana 25:18 ta ce mai shaidar zur a kan maƙwabcinsa kulki ne, takobi ne, kibiya ce mai tsini.

Malaman Yahudawa na dā sun tambayi dalilin da ya sa aka kwatanta harshe da kibiya maimakon takobi. Amsarsu ita ce, wanda ya zare takobi, in aka roƙe shi yana iya mayar da shi kube, amma wanda ya saki kibiya ko ya yi nadama ba ta dawowa. Suka ƙara da cewa takobi na kusa yake kashewa, harshe kuwa a yi magana a Roma ta kashe mutum a Suriya. Da na fara jin wannan sai na tuna rankwashin kakana.

To a daren Juma'ar nan an harba kibiya, ba shakka. Na ga lokacin da ta bar tsirkiya. An yi magana a birni, ta je ta sami tsohuwa a ƙauye tana barci.

"Kana nufin babu mugunta a duniya?"

Akwai. Akwai masu hassada, akwai masu zuwa wurin boka da sunan mutum, na kuma yarda akwai Mugun. Gardamata ita ce, mai makirfo ba shi da hanyar sanin wane ne, kuma ko ya sani, ba a ba mu izinin ramawa ba. Romawa 12 ta ce ku sa wa masu tsananta muku albarka, kada ku la'anta. Da Yakubu da Yahaya suka nemi su kira wuta ta cinye wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi karɓarsu, Yesu juyowa ya yi ya tsawata musu. Da almajirai suka ga makaho tun haihuwa suka tambaya laifin wane ne, nasa ko na iyayensa, ya ce ba na kowa ba ne.

Ayuba ne ya fi ba ni mamaki. Shi yana da waɗanda zai zarga da suna: Sabiyawa sun kwashe shanunsa da jakunansa, Kaldiyawa sun kore raƙumansa sun karkashe bayinsa. Amma da ya buɗe baki a sura 6 sai ya ce kiban Maɗaukaki ne a jikinsa, ruhunsa yana shan dafinsu. Wanda ya taɓa ganin abin da dafin kibiya ke yi wa barewa ya san nauyin wannan magana. Makoki sura 3 ma haka ta ce, ya ja bakansa ya mai da ni abin bara. Wannan magana ce mai wuyar haɗiya, ni ma takan tsaya mini a wuya. Amma mutumin da ya kai ƙarar Allah wurin Allah bai ɓata da kowa ba. A ƙarshe ma addu'a Ayuba ya yi wa abokan da suka ɗora masa laifi.

Na fahimci abin da ke jan mutane. Uwa da ta kwana uku a kan benci a asibiti, ɗanta yana kukan ciwon ƙashi, kuɗin ƙarin jini ya gagara, in ka ce mata gado ne daga jininta da na mijinta, ka bar ta da abin da ba ta iya yi wa komai. In ka ce mata wance ce, ka ba ta abin yi. Shi ya sa kasuwar ba ta mutuwa. Amma sauƙin na dare ɗaya ne. Da safe sikilar tana nan, goggon ce babu.

Akwai wani baka da na so masu wa'azin nan su riƙa tunawa. Bayan ruwan tsufana Allah ya ce wa Nuhu ya sa bakansa a cikin gajimare. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita, keshet, ita ce dai kalmar bakan yaƙi, kamar yadda mu ma muka ce bakan gizo. Wani babban malamin Yahudawa na ƙasar Sifen a ƙarni na 13, Ramban, ya lura cewa bakan a juye yake: bayansa yana sama, ƙafafunsa suna ƙasa, babu ko tsirkiyar da za a ɗora kibiya. Ya ce haka mayaƙa suke juya baka in suna neman sulhu. Masu zabura da annabawa ma sun yi ta maimaita zance ɗaya. Zabura 44 ta ce ba ga bakana nake dogara ba. Zabura 46 ta ce yana karya baka, yana datse mashi. Zakariya 9, wurin da aka yi annabcin sarki mai zuwa a kan jaki, ta ce za a kawar da bakan yaƙi. Ezekiyel ya hango ranar da za a yi shekara bakwai ana hura wuta da bakuna da kibau ba a shiga daji neman itace ba.

Ga shugabannin ikilisiyoyinmu, roƙona kaɗan ne. Baƙon da zai hau mumbari ya ce ya ga hannun wani a cikin ciwon wani, a tambaye shi suna da shaida a gaban dattawa, kamar yadda za a tambayi duk wanda ya zargi mutum da kisa, don zargin kisa ne. In ba shi da su, a karɓe makirfon. Kuma gwajin jini kafin aure da majami'u da yawa suka riga suka wajabta, a riƙe shi da gaske, a daina ɗaga ƙafa don ango ɗan dattijo ne.

Ranar Lahadi bayan sujada na hau mota na tafi ƙauye. Na tarar da Goggo a tsakar gida tana tsince wake a faifai, ido ya yi rauni, sai ta kusanto da shi fuska. Ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta zo kan yaron ta daɗe. Ta ce kwana biyu uwarsa ba ta ɗaukar waya, ko lafiya? Na ce lafiya lau, Goggo, hidima ce ta yi mata yawa.

Da zan tafi ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin kuka da daddawa, da wata tsohuwar ɗari biyar da ta kwance daga bakin zane. Ta ce a saya wa maigidanta lemo, haka take kiran yaron. Na kawo saƙon. Kwana huɗu ke nan ƙullin yana kan firij ɗin ƙanwata, ba ta buɗe ba, ba ta kuma zubar ba.